Me ya sa 8.10 ta fi 8.9? Sharhi kan lambobin manhajar sabar da ruɗanin da suke jawowa

A wani ƙaramin ofishi a Garwa, wanda ke kula da kwamfutocin wasu shagunan magani da wata ƙungiyar ba da lamuni, an sa wani yaro mai koyon aiki ya tura gyara zuwa sabobi shida, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima. Sharaɗin da aka rubuta tun da daɗewa mai sauƙi ne: duk sabar da lambar manhajarta ta kai 8.9 ko ta haura, ta karɓi gyaran. Huɗu suka karɓa. Biyu aka tsallake su, kuma su ne waɗanda aka sabunta kwanan nan, masu lamba 8.10. Ko jan rubutu ɗaya bai fito a allo ba, balle a ce ga inda kuskure yake. Yaron ya duba wayoyi, ya duba kalmar sirri, ya kashe ya kunna, har la'asar ta yi.

"Maigida, ni dai ban ga laifin injinan nan ba," in ji shi.

"Sa kwamfutar ta nuna maka lambar yadda ita ta karanta ta, ka zo ka faɗa min."

Da ya sa, sai ga 8.1 a allo. Wanda ya rubuta sharaɗin ya ce a mai da lambar ta lissafi kafin a gwada. A lissafi kuwa sifilin ƙarshe bayan ɗigo ba shi da daraja, don haka 8.10 ta koma 8.1, ta faɗo ƙasa da 8.9.

Irin wannan ya yawaita a 'yan shekarun nan saboda sauye-sauyen sun zo a jere. A Mayun 2024 kamfanin Red Hat ya fitar da 8.10 ta manhajarsa mai tuƙa sabar. A ƙarshen Yunin wannan shekarar wa'adin CentOS 7 ya ƙare. A Mayun 2025 aka samu Red Hat 10, a watan kuma tallafin kyauta na Ubuntu 20.04 ya ƙare, sannan Debian 13 ta fito a Agusta. Duk mai kula da sabobi daga Ngaundare zuwa Kusiri da Njamena, ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa shi ko zai taɓa shi.

## Kalmomin da za a riƙe

Sabar ita ce kwamfutar da ke zaune wuri ɗaya tana yi wa sauran hidima: a cikinta ake ajiye rajistar marasa lafiya, sakamakon jarrabawar ɗalibai, ko asusun masu ajiya. Babbar manhaja ita ce wadda ke tuƙa kwamfutar gaba ɗaya, sauran manhajoji kuma a kanta suke hawa. A sabobi an fi samun dangin Linux, irin su Ubuntu, Debian, Red Hat da 'yan uwanta Rocky Linux da AlmaLinux, sai kuma Windows Server. Kowace fitowa ta babbar manhaja tana da lambar siga, kamar yadda littafi ke da bugu na ɗaya da na biyu.

Idan sabobi sun yi yawa, mutum ba ya bin su ɗaya bayan ɗaya. Akwai manhajojin da ke girka babbar manhaja a sabuwar kwamfuta ta hanyar sadarwa, irin su Foreman, akwai kuma masu kula da ita bayan an girka, irin su Ansible da Puppet. Dukkansu tambaya ɗaya suke fara yi wa injin: ke wace ce, kuma wace siga? A kan amsar ake yanke rumbun da za a ɗebo manhajoji, da umarnin da za a bayar, da wanda za a tsallake.

## Kowane gida da irin ƙirgensa

Tushen matsalar shi ne babu wata hukuma da ta tsara yadda za a sa wa manyan manhajoji lamba. Kowane gida da abin da lambarsa ke nufi.

A gidan Red Hat lambar kashi biyu ce, babba da ƙarama. A 8.10, takwas ita ce zuriya, goma kuma ita ce fitowa ta goma bayan 8.0. Alkawarin kamfanin a kan babbar lamba yake: zuriya ɗaya tana samun kulawa shekara goma, kuma abin da ya yi aiki a 8.4 ana sa ran zai yi a 8.10. Ƙaura daga 8 zuwa 9 kuwa babban aiki ne. CentOS, wadda ta daɗe tana kwafar Red Hat kyauta, ta ƙara kashi na uku: a 7.9.2009, wannan 2009 ɗin ba shekara ba ce, tana nufin watan tara na shekarar 2020. Da aka koma CentOS Stream sai ƙaramar lambar ta ɓace ɗungurungum, aka bar 8 ko 9 kawai.

Ubuntu kwanan wata take rubutawa. 22.04 na nufin Afrilun 2022, 24.04 kuma Afrilun 2024, haka abin yake tun daga ta farko, 4.10, ta Oktoban 2004. A nan ɗigon bai raba babba da ƙarama ba, ya raba shekara da wata ne. 22.04 da 22.10 sun yi tarayya a 22, amma fitowa biyu ne mabambanta: ta farko mai dogon zango ce, tallafinta na kyauta shekara biyar, ta biyu kuwa wata tara kacal aka kula da ita, ta rufe tun Yulin 2023. Abin da ya yi daidai da ƙaramar lambar Red Hat a wajen Ubuntu shi ne kashi na uku, kamar 22.04.3 da 22.04.4. Sifilin da ke cikin 04 ma wani tarko ne, domin manhajar da ta ɗauke shi a matsayin adadi za ta mai da shi 4, a wayi gari ana neman 22.4 wadda ba a taɓa yi ba.

Debian tana da lamba, tana kuma da laƙabi: 11 ita ce bullseye, 12 bookworm, 13 trixie. Rumbunanta da laƙabin ake kiran su. Kafin Debian 7 ta 2013, lambar zuriya kashi biyu ce, kamar 6.0, gyare-gyare kuma su zo a na uku. Daga 7 aka mai da zuriya lamba ɗaya. Wato ko a gida ɗaya ma, ma'anar ɗigon ta canza a tsakiyar tafiya.

Akwai waɗanda lambarsu ta yi baya. openSUSE Leap ta tashi daga 42.3 ta koma 15.0 a 2018, don ta daidaita da SUSE ta kasuwanci, wadda ita kuma ke rubuta tata kamar 15 SP5. Amazon Linux ta bar 2018.03 ta koma 2, daga nan ta tsallaka 2023. Duk sharaɗin da ya ce lamba mafi girma ita ce sabuwa, a waɗannan gidajen ya faɗi.

Windows kuma sunan kasuwa daban, lambar ciki daban. Windows Server 2016 da 2019 da 2022 duk 10.0 suke amsawa idan an tambaye su. Lambar gini ce ke raba su: 14393, 17763, 20348. Ita ma ba ta wadatar ita kaɗai, domin 17763 ɗin nan ita ce kuma lambar ginin wata fitowa ta Windows 10 ta kwamfutar tebur.

## Hanya uku ta karanta lamba ɗaya

Kwamfuta tana iya kallon 8.10 ta fuska uku, kuma biyu daga ciki suna kai ta ga kuskure.

Ta farko ita ce wadda ta kama yaron Garwa: a ɗauke ta adadi mai ɗigo. Wani lokaci ma ba da niyya ake yi ba. Fayilolin Ansible da tsarin rubutu na YAML ake yin su, shi kuma idan ya ga 8.10 babu alamar zance a gefe da gefe, adadi yake ɗaukarta, ya yar da sifilin. Masu aiki da Python, wani harshen rubuta manhaja, sun sha wannan a 2021, lokacin da 3.10 ta riƙa komawa 3.1 a fayilolinsu. Debian ma ta kai 12.10 a Maris ɗin 2025.

Ta biyu ita ce a ɗauke ta rubutu, a gwada harafi da harafi kamar jerin sunaye a rajista. A wannan gwajin 10 tana zuwa kafin 9, tunda harafinta na farko 1 ne. Sharaɗin da ya ce daga 8 zuwa sama zai yi aiki lafiya shekara da shekaru, ranar da 10 ta fito sai ya ɗauke ta tsohuwa. Masu Debian sun gamu da shi a 2019, masu Red Hat kuma a 2025.

Ta uku ce daidai ga yawancin lambobi: a yanka a kan kowane ɗigo, a gwada kashi da kashi, takwas da takwas, sannan goma da tara. Kayan yin haka suna nan tuntuni. Ansible tana da gwaji na musamman mai suna version, Debian da Ubuntu suna da dpkg --compare-versions, umarnin sort ma yana da zaɓin -V. Sai dai wannan hanyar tana gyara lissafi ne kawai. Ba za ta gaya wa kowa cewa Leap 15.0 ta fi 42.3 sabunta ba, ko cewa 22.10 ta mutu alhali 22.04 tana raye.

A yankinmu akwai wani ƙarin da ba a cika ambata ba. Yawancin ƙananan ofisoshi a takardar Excel suke ajiye jerin sabobinsu, daga nan ake kwafa zuwa fayilolin aiki. Kwamfutar da aka saita da Ingilishi, irin waɗanda ake sayowa daga Yola ko Kano, da an buga 8.10 a gurbin da ba a mai da shi na rubutu ba sai ta mai da ita 8.1. Wanda ya yi karatu da Faransanci kuma hannunsa ya saba da waƙafi a wurin ɗigo, sai ya rubuta 22,04. Takarda ɗaya da ta bi ta hannun mutum biyu tana iya ɗauke da rubutu iri uku na siga ɗaya.

## Wa ake tambaya, me yake amsawa

Ko an iya gwada lamba, sai an fara samo ta. A da kowane gida da fayil ɗin da yake rubuta sunansa. A 2012 masu aikin systemd, manhajar da ke tayar da ayyuka a Linux, suka kawo fayil ɗaya, /etc/os-release, wanda yanzu kusan kowace Linux ke da shi. A ciki akwai ID, sunan manhajar, da VERSION_ID, lambarta, da ID_LIKE, danginta. Wannan ya rage wahala ƙwarai, amma kowa da abin da yake zubawa a gurbin. Rocky Linux tana rubuta lambar da ƙaramarta, kamar 9.4. CentOS 7 tana rubuta 7 kawai. Debian 12 tana rubuta 12, mai son sanin ko 12.5 ce sai ya leƙa /etc/debian_version. Wannan fayil ɗin kuma yana nan a Ubuntu, inda a 22.04 yake cewa bookworm/sid, abin da ba lamba ba ne sam. Arch Linux, da ake sabunta ta kullum babu zango, ba ta da lambar siga da za ta bayar.

Daga nan manhajojin kulawa su ma kowace ta yanka yadda ta ga dama. A sabar Ubuntu 22.04, Ansible za ta ce babbar lamba 22 ce. Facter, mai tattaro wa Puppet bayanai, za ta ce babbar lamba 22.04 ce. Ta biyun ta fi kusa da abin da Ubuntu ke nufi, ta farkon kuma ta fi bin siffar rubutun.

A Foreman abin ya fi fitowa fili, domin rajistarta ta manyan manhajoji tana da gurbi biyu, na babbar lamba da na ƙarama, siffar da ta zauna daram a kan Red Hat. Da waɗannan guraben ake gina adireshin rumbun da za a ɗebo kayan girkawa. Idan an yanka lambar a inda bai dace ba, adireshin zai nuna wurin da babu komai, sabuwar kwamfuta ta tsaya a tsakiyar girkawa. Foreman kuma tana iya buɗe sabon layi a rajista da kanta idan wata sabar ta kawo rahoton sigar da ba ta sani ba. Sabon layin yakan zo babu samfurin girkawa a haɗe da shi, sai mai kula ya haɗa da hannu. Akwai saitin da ke hana wannan, amma wanda ya kunna shi ya yarda rajistarsa ta daina bin abin da ke faruwa a injinan.

## Saɓanin masu aikin: a ɗaure ko a saki

Muhawarar da ta fi zafi ita ce iya inda za a ɗaure lamba. Ɓangare ɗaya na cewa a rubuta ta cikakkiya, 9.4 ko 22.04.3, domin sabar da aka girka yau ta zama daidai da wadda aka girka wata shida baya. Hujjarsu mai ƙarfi ce a inda aka sayi manhajar lissafi ko ta asibiti wadda mai ita ya ce a kan siga kaza kaɗai ya gwada ta, da kuma inda direban wata na'ura, wato 'yar manhajar da ke sa ta aiki, ke lalacewa idan zuciyar manhajar ta canza.

Ɗaya ɓangaren na cewa a tsaya a zuriya, 9 ko 22.04, a bar ƙaramar lamba ta riƙa tafiya. Hujjarsu ita ce facin tsaro, wato gyaran da ke toshe kafar masu kutse, gaba yake bi. Rocky Linux da AlmaLinux ƙaramar siga ta ƙarshe kaɗai suke yi wa faci, kuma da sabuwa ta fito ake kwashe tsohuwar zuwa rumbun ajiya. Wanda ya ɗaure a 9.3 bayan 9.4 ta fito, ko dai adireshinsa ya daina aiki, ko ya ci gaba da ɗebo kayan da aka daina gyarawa. Red Hat tana sayar da ƙarin wa'adi ga wasu zaɓaɓɓun ƙananan sigogi, don haka mai biyan kuɗi yana iya ɗaurewa ya kuma samu faci. Mai amfani da na kyauta ba shi da wannan damar. Ubuntu ma takan kwashe tsohon faifan girkawa daga babban shafinta idan na gaba ya fito.

Idan aka auna, kowane ɓangare yana da gaskiya a wurinsa, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne ga ƙaramin ofishi. Ɗaure cikakkiyar lamba yana da amfani ne ga wanda ke da rumbunsa na cikin gida da kuma ranar da ya sa don matsawa gaba. In babu waɗannan biyun, ɗaurin yakan zama mantuwa. Sakin da ya wuce zuriya shi ma haɗari ne. Mai Debian da ya rubuta stable, kalmar da ke nufin zuriyar da ke ci a lokacin, a jerin rumbunansa maimakon bookworm, ranar da 13 ta fito a Agustan 2025 ma'anar kalmar ta canza a ƙarƙashinsa, sabuntawar da ya saba yi ta fara jawo kayan wata zuriya.  Abin da ya fi tsayawa shi ne a ɗaure a daidai kashin da masu manhajar suka rataya alkawarinsu: lamba ɗaya a gidan Red Hat, shekara da wata a Ubuntu, laƙabi a Debian.

Wasu ƙwararru suna ganin a rage tambayar lamba ma baki ɗaya. Maimakon a ce idan siga ta kai kaza a yi kaza, a duba ko abin da ake buƙata yana cikin injin. Wannan ya fi jure sauyi, sai dai ya fi tsawon rubutu, kuma ba ya aiki a lokacin girkawa, tunda a lokacin babu komai a injin da za a duba.

## Yadda abin ke isa ga wanda bai taɓa ganin sabar ba

Kuskuren lamba iri biyu ne, mai ƙara da marar ƙara. Mai ƙara shi ne girkawa ta tsaya ko sabuntawa ta ƙi. Bayan Yunin 2024, sabobin CentOS 7 suka daina samun jerin rumbunansu, duk mai son girka wani abu sai ya karkata zuwa rumbun ajiya, wanda ba a ƙara masa faci. Wannan yana ɓata yini, layi ya yi tsawo a gaban mai karɓar kuɗi, a koma rubuta rasit da biro, amma aƙalla an san akwai matsala.

Marar ƙara ya fi tsada. Sabar da aka tsallake tana ci gaba da aiki kamar lafiya lau, wata da watanni babu faci, alhali a cikinta sunayen mutane da lambobin wayarsu da bayanan kuɗinsu suke. Mai ajiya a ƙungiyar lamuni ko majinyaci a asibiti ba shi da hanyar sanin haka.

Sai kuɗin intanet. Faifan girka Ubuntu na sabar ya kai giga biyu ko fiye, cikakken faifan Rocky Linux kuma yana kai giga goma. Inda layi ke da tsada kuma wuta ke ɗaukewa a tsakiyar saukewa, sauke wanda ba shi ake nema ba asara ce ta sefa da ta kwana. Shi ya sa ofisoshi da yawa a nan ke ajiye kwafin rumbu a cikin gida, ko su riƙa yawo da faifai ɗaya a filasha daga Marwa zuwa Mokolo. Dabara ce mai kyau, amma tana mai da su masu ɗaure lamba ko ba su yi niyya ba: duk sabar da aka girka daga wannan filashar a sigar ranar da aka sauke ta take, har sai wani ya tuna ya sabunta.

Akwai kuma abin da ke zuwa ta bayan gida. Manhajojin kulawa su ma suna yin gaba su bar tsofaffin sabobi. Daga ansible-core 2.17 ta 2024, wato ginshiƙin manhajar Ansible, an daina aiki da Python 2.7 da 3.6 a injinan da ake kulawa, su ne kuwa waɗanda CentOS 7 da zuriyar Red Hat 8 suka zo da su. Mai kula da ya sabunta kwamfutarsa ta hannu kawai yana iya tarar da wasu umarnansa sun daina shiga tsofaffin sabobinsa, ba tare da ya taɓa su ba.

## Ranakun da ke tafe

Zuriyar Red Hat 8 ta tsaya a 8.10, kuma za a ci gaba da yi mata faci har Mayun 2029, don haka lambar da ta rikita ofishin Garwa za ta daɗe tare da mu. Zuriya ta 9 ma bisa jadawalin kamfanin za ta kai 9.10. Tallafin kyauta na Ubuntu 22.04 zai ƙare a 2027, na 24.04 kuma a 2029. Wanda ke da fayilolin da aka rubuta kafin 2024, wuraren da zai fara dubawa su ne duk inda aka mai da lambar siga adadi, duk inda aka rubuta ta babu alamar zance, da duk inda sharaɗi ya tsaya a 22 ko 24 kawai a sabar Ubuntu.